Ranar da Aka Zo Duba Talaucinmu

Shekarar da 'yata ta fari ta gama firamare na san cewa talauci ma jarrabawa ake yi masa, kuma mutum yana iya faɗuwa.

A unguwar Maitumbi muke lokacin, cikin gidan haya, ciki da falo. Maigidana direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, albashinsa irin mai leƙowa ya gaishe mu ya wuce. Yarinyar ta ci jarrabawar shiga wata sakandare ta kuɗi a unguwar Tunga, irin makarantun da har maigadinsu da Turanci yake korar mutane. Da babanta ya ji abin da ake biya, buta ya ɗauka ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Sai muka ji cewa suna yafe wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin idan sun yi ƙoƙari. Sharaɗin ɗaya ne: kwamiti zai zo gida ya gani da idonsa cewa lallai babu.

Ita yarinyar ba ta da yawan magana. Abin da kawai ta tambaye ni shi ne, "Umma, wai da gaske suna da ɗaki guda da babu komai a ciki sai littattafai?" Na ce ta je ta kawo min tsintsiya.

Ana gobe za su zo na faɗa wa maƙwabciyata da muke gida ɗaya, wata Banufiya mai sayar da atamfa, wadda nake kira Yaya. Ta tsaya bakin ƙofa ta dubi falona sama da ƙasa.

"Baƙi za ki yi, ki zaunar da su a kan wannan tabarmar? Ba a gidan da nake ba!"

Kafin la'asar kujerunta na kushin sun shigo, da kafet, da labule mai sheƙi, da fanka, da talabijin. Ni ma ban zauna ba. Na sa aka yanka kazata mai yi mana ƙwai, na fito da tangaran ɗin aurena da ban taɓa cin abinci a ciki ba. Baƙo ai baƙo ne. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba wanda ya taɓa gaya mana akwai baƙon da ake tarba da yunwa.

Su biyu suka zo, wata malama mai tabarau da wani malami da Hausarsa ta kasuwa ce. Maigidan yana wurin aiki. Malamin ya nutse cikin kushin, ya juya fankar ta fuskance shi.

"Madam, wannan talabijin naka ne?"

Yaya na tsaye a tsakar gida tana jin mu. Na ce, "Na nan gidan ne." Ban yi ƙarya ba, Allah Ya gani.

Malamar ta ce, "Ya kuke fama da hidimar gida?"

"Alhamdulillahi, muna cikin rufin asiri."

"Albashin yana isarku?"

"Mun gode wa Allah."

To me zan ce? In zauna gaban mutanen da ban sani ba in yi ƙarar Ubangijina, in tona wa mijina asiri? Da ta tambaya ko yarinyar tana da ƙoƙari, kunyar 'yar fari ta kama ni, na ce, "Tana dai taɓawa." Yarinyar da ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ba.

Suka ci shinkafa da kaza. Malamin ya yi ƙari, ya yaba miyar, ragowar naman ma na ƙulle masa a leda ya kai wa iyali. Bayan mako guda aka sanar da maigidan cewa ba mu cancanta ba, domin an same mu cikin wadata.

Ya dawo ya zauna a kan tabarmarmu, tunda kayan sun koma wurin mai su. Ya ce, "Ke da yayarki kun ba ni muƙamin babban sakatare, ni ban sani ba. Ina motar ofis ɗin?" Yaya kuwa salati ta yi ta yi, tana cewa ita ba ta taɓa jin inda mutunci ya zama laifi ba. Yarinyar ta ci tuwonta, ta wanke kwanuka, ta shiga ɗaki. Na ji tana jan hanci a hankali don kada in ji.

Washegari na yafa mayafi na hau Keke mai ƙafa uku zuwa Tunga. Na jira har aka shigar da ni wurin shugabar makarantar. Na gaishe ta, na sake gaishe ta, na tambayi iyali. Na koma na tambayi aiki, na tambayi gajiya. Daga ƙarshe na dubi ƙasa na ce, "Hajiya, kujerun na aro ne. Ba mu da shi."

Ta ce, "To me ya hana ki faɗa tun farko?" Kamar ita ba uwa ce ta haife ta ba.

Aka sake turo 'yan kwamitin, wannan karon babu sanarwa. Suka same ni ina wanki, yara suna shan garin rogo. Malamar ta leƙa har uwar ɗaki, ta ga inda rufin ke yoyo, ta yi ta gyaɗa kai cikin gamsuwa. Malamin ya yi ta waige-waige wajen madafi, bai ga hayaƙi ba. Muka ci jarrabawar, da maki mai kyau.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe da saura. A taron iyaye na farko, zauren ya cika da manyan leshi da ƙamshin turare, sai mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce iyayen yara marasa galihu da makaranta ta ji ƙansu su miƙe a tafa musu. Maigidan ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba shi da igiya. Na hango yarinyar a layin 'yan aji ɗaya, cikin farar riga mai guga, ta ƙura wa bango ido.

Na yi bisimilla na miƙe. Aka yi ta tafi. Na rasa yadda zan yi da hannuwana, sai ni ma na shiga tafawa.