Bindigar da Na Zaɓar wa Maigida

Shekarun baya da yawa, a farkon shekarun casa'in, muna zaune a unguwar Tremont cikin Bronx a ƙasar Amurka, maigidana yana da ɗan shagon kayan masarufi a ƙasan benen da muke haya. Wata ranar Talata bayan la'asar, ido na ganin ido mutane na wucewa, wani mutum ya shigo ya ɗora masa bindiga a goshi, ya kwashe abin da ke cikin durowa ya fita. Ko ƙwarzane bai yi masa ba, amma wanda ya hauro gida ran nan ba mijin da na sani ba ne. Ya daina raha, abinci sai dai ya taɓa ya ture. Bayan sati biyu ya ajiye wasu takardu a gabana.

“Na neman lasisin bindiga ne,” ya ce. “Ke kika san kanta, ke za ki zaɓar min.”

Gaskiya ya faɗa. Mahaifina maharbi ne a wani ƙauye kusa da Rano, kuma ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, saboda haka ni na tashi ina riƙe masa albarushi, har ya koya min harbin zabi. Shi kuwa maigida ɗan birni ne, ɗan cikin ganuwa, mutumin da ko kaza za a yanka sai ya tuna yana da uzuri a waje.

Abin da ya tayar min da hankali ke nan. Mahaifina ya sha gaya mana cewa wanda ya ɗaga bindiga alhali ba zai iya harbawa ba, ya kira wa kansa ajali. Na riga na hango yadda za ta kasance: ɓarawo ya shigo, maigida ya zaro, ya kasa harbawa, a bar ni da marayu a ƙasar mutane. Amma ta yaya zan dubi mutumin da aka riga aka ci wa mutunci in ce masa ba zai iya ba? Sai na ce to, na koma ina saƙa da warwara.

Babbar Sallah ta matso. Akwai wata gona a Pennsylvania inda mutanenmu ke zuwa sayen ragon layya, ta wani tsohon Bature mai yawan surutu. Abokin maigida, wani Bamaraɗe direban tasi mai cakuɗa Hausa da Faransanci, shi ya ba mu labarin cewa tsohon yana da bindigogi, kuma yakan bar baƙinsa su gwada a bayan rumbunsa. Nan na ƙulla dabarata, ina jin kaina wata gwanar hikima.

Abokin ne ya kai mu gonar a motarsa. Da muka gama cinikin rago, tsohon ya shimfiɗa bindigogi uku a kan wani teburi. Ya nuna wata siririya ya ce da ita ya kamata sabon hannu ya fara, ba ta da shuri. Na yi kamar ban ji Turancin ba. Na ɗauko wata ƙatuwa mai baki biyu, wadda na san in ta tashi sai ta nemi ɓalle wa mutum kafaɗa.

“Alhaji, wannan ce ta maza,” na ce.

Allah ya yafe min. Nufina ta shure shi sau ɗaya, kunnensa ya toshe, shi da kansa ya ce ya fasa, ba tare da na furta komai ba.

Tsohon ya dube ni ya girgiza kai, ya gyara wa maigida tsayuwa, ya sa masa abin toshe kunne, sannan ya je ya ɗora wata kankana a kan kututture. Ni kuwa na ja gefe ina jiran in fara sannu.

Maigida ya saita, ya ja kunama. Kankana ta tarwatse.

“Kai! Alhaji, se bon!” abokinsa ya yi ihu yana tafi. “Wallahi madam, ke ce kika iya zaɓe. Yanzu ɓarawon da ya shigo sito ɗin nan, fini!”

Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Na haƙa rami na faɗa da ƙafata. Tsohon ma har da dafa masa kafaɗa, wai an haife shi da abin. Na ce a raina shi ke nan, yanzu ko mahaifiyarsa ba za ta raba shi da bindiga ba.

Maigida bai yi dariya ba. Ya miƙa wa tsohon bindigar, ya taka har wajen kututturen, ya tsaya yana kallon jan da ya fantsama a ciyawa. Ya daɗe a wurin, har sai da abokinsa ya kira shi.

A hanyar dawowa abokin ya kunna kaset. Sai da muka shiga gida, ina wanke hannu a kicin, maigida ya tsaya a bakin ƙofa.

“Akwai abin da ban gaya miki ba,” ya ce. “Mutumin da ya yi min fashi, na san shi.”

Na juyo.

“Kin san tsohuwar nan mai sanda, da ke zuwa sayen burodi da madara kowace safiya? Ɗanta ne. Ƙwaya ce ta lalata shi. Ni duk zatona in na harba zan kuskure, in dai tsorata mutum ya gudu. Ashe ba na kuskure.”

Ya ɗauko takardun daga kan firji ya sa a kwandon shara. Na zauna a ƙasan kicin ina ta alhamdulillahi, hawaye na zuba. Ya ɗauka tausayin tsohuwar ne ya kama ni, ni kuma ban gyara masa ba.

Abin da muka yi daga baya shi ne muka sa gilashi mai kauri a gaban kanta, da ƙofar da ba ta buɗewa sai an danna daga ciki. Muka ƙara shekara shida a shagon nan lafiya ƙalau.

Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Shekara goma sha ɗaya ina tare da mutum, na ɗauki tausayinsa a matsayin tsoro, har na shirya masa tarko maimakon in zauna in tambaye shi abin da ke ransa. Ni ina fargabar kada a kashe min shi, ban taɓa kawo wa raina cewa shi ne zai iya kashewa ba, kuma da hannuna na ɗauko masa wadda ba ta barin rai.

Kwana uku bayan waccan Sallar ina shagon, sai ga tsohuwar ta shigo tana dogara sandarta. Ba ta san komai ba. Ta ce ta ga mun yi biki, ta yi mana barka. Maigida ya sa mata burodi da madara a leda, ya ƙara da ƙullin soyayyen naman layya, ya riƙe mata ƙofa har ta sauka daga dakali. Da ya dawo ya tsaya yana bin ta da kallo ta taga.

“Ki duba fa,” ya ce a hankali. “Da yanzu da wane ido zan kalle ta?”