Ranar da Arvo Ya Ja Doki Baya

Duk wanda ya taɓa zama gaban allon darar ces da Arvo Kettunen a garin Thunder Bay, abu ɗaya zai gaya maka: mutumin nan bai san hanyar baya ba. Tun yana aikin lodin alkama a manyan rumbunan bakin tafki, lokacin da ake ɗora allo a kan akwatin kayan aiki a buga wasa kafin hutun rana ya ƙare, haka yake. Ba ya tattalin 'ya'yan dararsa ko kaɗan. Zai ba ka doki kyauta, ya ƙara maka da hasumiya, kana murna kana kwashewa, sai ka ɗaga kai ka ga sarkinka a lungu ba mai tsaronsa, sarauniyar Arvo tana tsaye a kansa. Amma in ka daure ka tsallake wannan ruwan duwatsun da ranka, to ka gama da shi, don Arvo bai iya ƙarshen wasa ba. Da zarar allo ya yi fili, ya rage sarki da 'yan sojoji ana lallaɓawa taku-taku, sai haƙurinsa ya ƙare, ya soma hamma, ya zubar da wasan da ke hannunsa.

Bohdan Hawryluk, abokin aikinsa tun suna samari, ya gaji da yi masa faɗa a kan haka.

"Kai fa ba dara kake yi ba, dambe kake yi," in ji Bohdan. "Ka zauna ka koyi ƙarshen wasa ko na mako ɗaya ne, tsohon banza."

"Wanda ya kai ƙarshen wasa ai rasa abin yi ya yi a tsakiya," in ji Arvo. "Matsa sojanka, kofi na hucewa."

Hali zanen dutse, har ya yi ritaya bai koya ba. Bayan rasuwar matarsa Irja, gidan ya yi masa faɗi, sai 'yarsu ɗaya tilo, Leena, ta zo daga birnin Winnipeg inda take zaune ta kafa masa kwamfuta a teburin kicin, ta buɗe masa suna a wani dandalin dara na intanet. Da fari ya ce shi ba ya wasa da mutumin da ba ya ganin idonsa. Kafin sanyin shekarar ya fita, ba ya karya kumallo sai allon yana kunne. Kullum da safe ya share dusar ƙanƙarar ƙofar gida, ya dafa kofi baƙi, ya yanka burodin hatsin rai ya shafa man shanu, ya zauna ya yi ta jefa dawakinsa cikin wuta a gaban mutanen Indiya da Brazil da ƙasashen da bai san inda suke ba. Dandalin yana ba kowa maki, in ka ci ya hau, in an ci ka ya sauka. Na Arvo ya zauna wajen dubu ɗaya da ɗari bakwai, yau ya haura gobe ya gangaro, kuma yana alfahari da shi kamar lambar yabo. Da aka yi wa Bohdan aiki a ƙugu ya daina iya taka ƙanƙara, sai wasansu ma ya koma can, irin mai tafiyar hawainiya, kowa ya taka sau ɗaya a yini, alhali 'yan layuka ne tsakanin gidajensu.

Leena ba ta son zamansa shi kaɗai. Ta gyara masa ɗaki a ƙasan gidanta, ta sa gado da kujera, duk zuwan da za ta yi sai ta tayar da maganar. Shi kuwa gidan nan da hannunsa ya kafa katakonsa, ɗakin suracen da ke bayan gida shi ya jera duwatsun murhunsa, kuma a kicin ɗin nan Irja ta yi shekara arba'in tana rera waƙa ba daɗi. Da ta matsa masa wata rana, sai ya juya mata fuskar kwamfutar.

"Kin ga lambar nan? Kina da sunana a wayarki. Ki riƙa dubawa. Muddin tana nan inda take, kaina lafiya lau, ki ƙyale ni in sha iska. Ranar da kika ga ta zube, ki zo da mota, ba zan ce uffan ba."

Leena ta yi dariya ta ce, "To, Baba, na ji." Ta ci gaba da wanke kwanuka. Shi kuwa ya riƙe maganar a matsayin alkawarin da aka ƙulla aka tofa.

A kakar da ya cika saba'in da tara abin ya soma. Idonsa yana ganin harin kamar da, ya san ga inda za a fasa, amma da ya soma lissafi, in na taka nan ya taka can, kafin ya kai taku na uku na farkon ya ɓace masa. Ya koma ya sake, ya sake ɓacewa. Wata safiya ya bar sarauniyarsa a bakin sojan wani, abin da ko ɗan koyo ba ya yi, ya zauna yana kallon allon. Ba a dara kaɗai ba ne. Ya tsaya gaban maƙwabciyarsa ta shekara da shekaru sunanta ya ƙi zuwa. Ya ƙona tukunya har gindinta ya huje. Makin ya soma gangara, ba irin gangarar da ya saba ba mai dawowa, kullum ƙasa. Tsoro ya kama Arvo, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman rumbu ana iska. Bai gaya wa kowa ba.

A wayarsa akwai wata manhaja da Leena ta sa masa, mai nuna wa mutum kurakuransa bayan an tashi wasa. Bai taɓa buɗe ta ba, yakan ce inji ba shi da zuciya. Ranar nan, ana tsakiyar wasa da wani baƙo, ya jawo wayar ya jera mata yadda allon yake, ta nuna masa abin da zai taka, ya taka. Ya ce wa kansa yau kaɗai ne, don lambar ta daina zuba. Kashegari ya sake. Ba zan wanke shi ba, domin waɗanda ya riƙa dokewa mutane ne irinsa, wataƙila wani ma tsoho ne a wani kicin yana mamakin abin da ya samu kansa. Amma wanda ya ga yadda yake cin wasannin nan ba zai iya zaginsa ba. Ko murmushi ba ya yi. Ya ci, ya rufe kwamfutar, ya zauna yana kallon taga har kofin ya yi sanyi. Makin ya koma mazauninsa, har ya ɗan wuce.

Wasansa da Bohdan kaɗai ya keɓe, shi yake bugawa da kansa. Sai ranar da allon ya zo masa daidai yadda yake so: sarkin Bohdan a kusurwa, soja ɗaya a gabansa, dokin Arvo a bakin ƙofa, kowa ya san abin da Arvo zai yi a nan. Ya ɗora yatsa zai jefa dokin, lissafin ya watse. Ya gwada ya gwada, ya kasa ganin abin da ke bayan taku na biyu. Kuma ya san in ya yi kuskuren yara a gaban Bohdan, Bohdan zai gane. Sai ya jawo wayar. Manhajar ta ce ya mayar da dokin baya, can gidan da ya fito. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya mayar.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Bohdan ne, da sandarsa, ya tako ƙanƙarar da likita ya hana shi takawa, hancinsa ja wur. Bai cire hula ba, bai karɓi kofi ba.

"Wa ya taka dokin nan?"

"Ni mana. Ko akwai wani a gidan?"

"Ƙarya kake. Shekara hamsin ina roƙonka ka ja doki baya ko sau ɗaya, ka ƙi. Jiya na ga abin da nake roƙo, sai na ji kamar an aiko min da labarin mutuwarka. Na zauna na bi wasanninka na watan nan kaf. Kai ne har da cin ƙarshen wasa da soja ɗaya? Kai? Arvo, ni za ka yi wa haka?"

Arvo ya matsa kusa da tebur. Ya zauna a kujera ya dafe teburin da hannu biyu.

"Ba na iya riƙe su, Bohdan. Ina gani, sai su zube. In lambar nan ta faɗi, yarinyar nan za ta zo ta kwashe ni."

Bohdan ya jingine sandarsa. Ya cire hular, ya zauna, ya jawo kofin da ya ƙi karɓa ɗazu.

"Ba zan kai ƙararka ba," ya ce. "Amma ni ba na wasa da waya. In kai ne za ka buga, ka ba ni sarauniyarka sau goma a yini, zan karɓa in gode. Ka gaya wa Leena, mutumina."

"Zan gaya mata."

Bai gaya mata ba, bai kuma daina ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, masu dandalin ma suna da idon da ke gane wasan inji, kuma ba su san wani Arvo ba balle su ji tausayinsa. Wata safiya ya kunna kwamfuta ya tarar an rufe sunansa, an manna masa jan tambarin da ake yi wa masu maguɗi, inda kowa zai gani. Kunya ta rufe shi, ya ture burodinsa gefe. Ya kashe wayar ya jefa ta cikin aljihun tebur ya tura, kamar ita ce mai laifin. Ranar ko dusar ƙofar gida bai share ba.

Kashegari da la'asar motar Leena ta tsaya a bakin titi, ta yi fari fat da gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara. Tun asuba ta baro Winnipeg. Ta kutsa cikin dusar har gwiwa, ta buɗe ƙofa da makullinta, ta same shi zaune a kicin da rigar jiya. Ta rungume shi tana kuka tana faɗa a lokaci guda.

"Baba, ina wayarka? Na kira na kira! Sai da na nemi Kawu Bohdan ya ce kana da rai, amma in zo."

Sannan ta sake shi ta soma duba gidan, ba da niyya ba, idonta ne kawai ya riƙa faɗawa kan abubuwa. Hujajjiyar tukunya a bayan ƙofa. Akwatin magungunansa na mako cike, bai taɓa ba. Madara a cikin kabad ɗin kwanuka ta yi tsami. Arvo yana bin ta da kallo, ya san ta gani.

"Kin ga tambarin," ya ce. "To gaskiya ne, na yi maguɗi. Ubanki ɓarawon wasa ne. Makin ne yake zubewa, na ce in kika gani za ki zo."

Leena ta juyo tana riƙe da kwalin madarar.

"Wane maki?"

"Lambar mana. Wadda na ce ki riƙa dubawa."

"Haba Baba." Ta ajiye kwalin ta zauna kusa da shi. "Ni ban taɓa duba lambar nan ba. Ban ma san wacce ce mai kyau ba, babba ko ƙarama. Akwai ɗan koren ɗigo da ke fitowa gefen sunanka in kana ciki. Shi nake dubawa kullum kafin in fita aiki. In na gan shi, na san ka tashi, ka sha kofi, shi ke nan hankalina ya kwanta. Jiya na duba babu ɗigo, babu kai, waya a kashe."

Arvo ya dube ta.

"Ke nan da na bar ta ta zube..."

"Ko da an ci ka sau ɗari a yini, da ban sani ba."

A waje wani yana ta kankare ƙanƙarar gilashin motarsa, ƙarar na shigowa har kicin. Leena ta tashi ta zubar da madarar, ta wanke kwalin, ta ɗora ruwa a wuta, ta tsaya a gaban murhun ta ba shi baya don kada ya ga fuskarta. Ba ta ambaci Winnipeg ba, kuma da alama ba ta da niyyar ambata a ranar. Shi ne ya gyara murya.

"Leena."

"Na'am, Baba."

"Ɗakin nan na ƙasa, yana da taga?"

"Yana da ita. Ƙarama ce."

Ya gyaɗa kai, ya ce ta zuba masa kofin baƙi, kada ta sa sukari.