Jikan Mai Garaya

Lokacin da muke karatu a Samaru, ɗan kawuna ya kamu da son kiɗan rok, irin na tsofaffin Turawa masu gashi har kafaɗa. Kullum yana Sabon Gari wajen masu sayar da faifai. Ya sayo baƙar riga a gwanjo, ya sa reza ya farke gwiwar wandonsa da gangan. Jitar da yake ratayawa ma ta cocinsu ce, kuma ban taɓa jin ta fitar da abin da ya wuce kukan akuya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne laccarsa. Wai kiɗan nan daga baƙaƙen Amurka ya samo asali, su kuma kakanninsu daga ƙasashenmu suka tafi da shi. Yana faɗa yana lumshe ido, kamar da shi aka yi.

Ranar bikin ƙanwarsa a unguwar Muchia, kakanmu ya zo daga ƙauye da garayarsa ya fara kaɗawa, tsofaffi suka miƙe rawa. Da gogan naka ya hango abokansa na makaranta, sai ya matso kusa da ni.

"Don Allah ki ce wa Kaka ya ajiye abin nan, zai ba mu kunya."

Na dubi gwiwarsa da ke leƙowa ta wando, na ce, "Yi haƙuri. Bari Bature ya kaɗa ta, sai ka je Sabon Gari ka saya."