Takardar Jikin Bangon Ɗakin Waya

Aikina na farko a ɗakin waya na yi shi, a wani ofishi da ke kusa da dam ɗin Tiga. Duk mai son kiran Kano sai ya biyo ta wajenmu, mu soka igiya a ramin akwatin haɗa waya mu ba shi layi. Shugabanmu wani dattijo ne mutumin Kiru, kowa Baba yake ce masa.

Baba ya manna takarda a bango, ya jera layukan da aka yarda su kira waje da waɗanda aka hana. Ranar da na fara aiki ya ce, "'Yata, daga sama ake karantawa. Sharaɗin da ya fara dacewa da mai kira, nan za ki tsaya, kada ki duba ƙasa. Wanda babu shi a takarda, ki ba shi haƙuri."

Layukan masu gadi duk a hane suke. Sai aka kwantar da mahaifiyar mai gadin ƙofar ruwan dam ɗin a asibiti a Kano, manaja ya yarda ya riƙa kiran asibitin kawai. Baba ya ce in rubuta. Na rubuta da kyakkyawan hannu, can ƙasan takarda inda na ga fili, na tafi hutun kwana uku gida Bebeji.

Abokiyar aikina da ta riƙe wurina ta bi ƙa'ida. Kullum mai gadi ya kira, sai ta fara daga sama, ta iso inda aka hana masu gadi, ta ba shi haƙuri. Shi kuma bawan Allah bai kai ƙara ba.

Da na dawo na iske Baba tsaye gaban takardar. Na ɗauka kora ce. Biro kawai ya miƙo mini.

"Mayar da abin da kika rubuta sama da hanin. Laifina ne, ban duba ba."

Na gyara. Shi da kansa ya haɗa wa mai gadin layin asibiti, ya jira har aka samo ma'aikaciyar jinya, sannan ya ajiye abin saurare don kada mu ji maganar mutane.

Bayan la'asar ya ce in taso. Muka taka har ƙofar ruwa, yana tura kekensa. Na durƙusa na gaida mai gadi, na ce ya yafe mini.

"Haba 'yata, ai ta samu sauƙi, har kunu ta sha yau," in ji shi.

Ya kawo mana kifi biyu da masunta suka ba shi, ya rantse sai mun karɓa. A hanya Baba ya ɗaura babban a kekensa, sai kuma ya kwance ya miƙo mini, ya karɓi ƙaramin da ke hannuna.