Wanzamin da Zango Ya Ƙi Tsaya Wa

Mutala wanzami ya shekara goma sha ɗaya a Zangon Kumasi, kuma babu gidan fataken goro da askarsa ba ta shiga ba. Shi ke yi wa 'ya'yansu askin suna da kaciya, shi ke yi wa iyayen ƙaho idan baya ya riƙe. Ba shi da surutu, abin da ba a saba gani a wanzami ba. A gidan Abu dillalin goro ya sauka tun zuwansa, shi yake kira maigida.

A shekarar da Turawa ke ɗibar mutane zuwa yaƙin Jamus, aka sari wani ɗan dako a bakin kasuwa. Mutala ya fito daga yi wa wani ƙaho ke nan, jini a hannun riga, asake a zabira. 'Yan sanda ba su nemi ƙarin bayani ba, suka tasa ƙeyarsa.

A kotu tafinta ya gaya masa laifin jini ne, zai zauna a tsare har a yi shari'a, sai fa in wani mai gida ya zo ya dangwala yatsa a takarda ya tsaya masa. Mutala har murmushi ya yi. Ai a Zango baƙo na maigidansa ne, ko akuya ta ɓata masa maigida ke tashi.

Abu bai zo ba. Zance ya riga ya zagaya cewa duk wanda ya sa yatsa a takardar Bature, soja ya shiga, jirgin ruwa zai kwashe shi. Ƙattan banza, masu manyan riguna da dogon carbi, kowa ya ɓoye babban yatsansa kamar za a yanke! Barkisu matar Mutala ta bi su gida-gida har ƙafarta ta kumbura.

"Baba Abu, polisi ya ce yatsa kawai," in ji ta. "Ba kai ne maigidansa ba?"

"Ki yi haƙuri, muna addu'a," ya ce, yana kallon huhun goro.

Ta je kotu da kanta ta miƙa wa akawu yatsa. Ya ce mace ba ta beli, ya kore ta.

Wata biyar Mutala ya yi a ɗaki guda da mutum ashirin, ga zazzaɓi, ga duka. Bai ji haushin Bature kamar yadda ya ji na mutanensa ba, ya tsane su ƙwarai. Sai da ɗan dakon ya warke ya ce ba shi ba ne, aka sake shi ba ko sannu. Ya fito hannunsa na dama na rawa, ko ludayin koko ba ya riƙewa daidai.

Washegari sai ga Abu da fara'arsa, wai ya zo barka. Ya zauna a kan tabarma, ya tuɓe hula kamar yadda ya saba, gashi ya yi masa yawa. Mutala ya zaro aska, ya wasa ta a fata, ya ɗaga. Tsinin na kaɗawa a gaban idon Abu.

"Sunkuyo mana, maigida," ya ce.

Abu ya dubi hannun, ya mayar da hularsa, ya tashi ya nemi takalmansa.