Rigar Fatar da Baduku Ya Ɗinka wa Injin Gem

Ni ɗan fari ne, don haka na girma ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. "Kai" yake ce mini, ko ya ce wa ƙannena, "Ku kira mini wancan." Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a ƙauyenmu da ke gefen Kafin Maiyaki. Amma abin yana ci mini rai. Na yi aure har na haihu, ban taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba, kuma ba ni da burin da ya wuce wannan.

Wata shekara bayan girbi na sayo injin gem, irin ɗan na'urar wasan nan mai gilashi da ake riƙewa a hannu, a Kano, gefe ja gefe shuɗi kamar alawa. Na sa masa wani wasa da ba na yara ba: dattijo ne ambaliya ta cinye masa gona, ya kama hanya a ƙafa yana neman ɗansa da suka rabu ba daɗi. Da ƙyar na samu. Mai shagon ya ce an san injin da wasan yara, manya ba sa ko kallonsa, shi ya sa masu yin wasannin manya ba sa wahalar da kansu a kansa.

Da na fara bugawa sai na ga abin mamaki. Dattijon ya tsaya bakin gona, ya damƙi ƙasa ya shinshina, daidai yadda Baba yake yi farkon damina. Na ce ikon Allah! Wa ya san Baba a can wata uwa duniya?

Na kai masa zaure inda yake hira da abokansa, na durƙusa na miƙa. Launin kawai ya duba.

"Kai wa yara," in ji shi. "Ni da furfurata?"

Abokansa suka tuntsire da dariya. Na fita raina a ɓace, amma ina fita idona ya faɗa kan rediyonsa. Tana cikin rigar fata. Wuƙarsa na cikin kube, littattafansa na cikin gafaka. Ashe a wurin dattawan nan, duk abin da ya isa a girmama, fata yake sawa.

Ranar kasuwa na kai wa baduku injin. Ya juya shi, ya yi mini kallon wanda ya taɓu, sannan ya ɗinka masa riga baƙa mai tuntu, ya bar gilashin da maɓallan a buɗe. Bayan la'asar na kunna shi, na ajiye kusa da rediyon Baba, na koma bakin ƙofa na tsuguna.

Wani abokinsa ya ɗauka. "Malam, wannan wace irin rediyo ce mai hoto?"

Baba ya karɓa. Babban yatsansa, wanda fartanya ta mayar kamar icce, ya danna maɓalli, dattijon ya yi taku. Abokan suka matso suna leƙe. Can sai gardama ta kaure, ko ƙasar gonar nan ta dawa ce ko ta masara. Mutanen da suka yi mini dariya su ne suka koma tambayata ko akwai wasu irinsa. Ni dai ina gefe, baki buɗe.

Haka suka riƙa bin dattijon kullum, har ranar da ya iso bakin kogi. Icce ɗaya ne gada, ɗan nasa kuma yana tsaye a tsallake. Baba ya kasa daidaita masa taku, dattijon ya yi ta faɗawa ruwa. Abokan suka gwada, suka kasa. Baba ya ƙura wa yaron da ke cikin gilashin ido. Sai ya gyara zama, ya buga tabarma da tafin hannunsa.

"Kai," ya ce, bai dube ni ba. "Zo ka tsallakar da ni. Yaron nan ya daɗe yana jira."

Na taso daga bakin ƙofa. Na cire takalmi na zauna, kafaɗata tana taɓa tasa, ina jin ƙamshin turaren rigarsa. Na bi iccen a hankali har muka haye. Dattijon ya buɗe baki ya kira sunan ɗansa. Baba ba ya jin Turanci, amma ya gane abin da aka yi.

Bai kira nawa ba. Amma har aka kira magariba, bai janye kafaɗarsa ba.