Kujerar da Yaya Iliyasu ya bar mini

Da wannan damina shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Iliyasu makwancinsa. Bari in fara da kashe wata jita-jita da har yau take yawo a tashar mota: ba tururin nukiliya ne ya kashe shi ba. Ciwon suga ne, irin wanda ya ɗauke mahaifinmu a Zariya, shi kuma ya taya ciwon da shayi mai kauri da taurin kai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa jama'a wa'azin rigakafi, sai da matarsa ta riƙa ɓoye masa gwangwanin madara a ɗakin yara. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yi boko har ƙasar waje, ya karanci kimiyyar nukiliya, ya yi aikin gwamnati a nan Abuja har ya ajiye. Ni kuwa daga sakandare na kama kasuwa, kuma na daɗe ina sayar da taki da maganin feshi a bakin titin Sheda. Duk manomin da ke ƙauyukan bayanmu, Gbagyi ne ko Bassa ko Bahaushen da ya zo ci-rani ya zama ɗan gari, ya san shagona. Wannan sanayya ce ta jefa ni cikin maganar da zan ba ku, don in ilimi ake nema ba za a zo wurina ba.

Wani kamfani da ba zan kira sunansa ba ya sami izinin gina rumbun ajiya kusa da ɗaya daga cikin ƙauyukan nan. Abin da ake ajiyewa shi ne ragowar sinadaran nukiliya da asibitoci ke gasa ciwon daji da su, da waɗanda kamfanonin mai ke duba bututu da su. In sun gama aiki ba a zubar da su a bola, domin suna ci gaba da fitar da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana illata mutum in ya kusance shi ba kariya. Kamfanin ya ɗauki Yaya ya zama mai ba shi shawara. Kuma kada a yi mini gurguwar fahimta, Yaya yana goyon bayan rumbun. Ya sha gaya mini cewa gara a tara kayan wuri guda ƙarƙashin kankare da tsaro, da a bar su a sitocin asibitoci inda wata rana ɗan jari-bola zai ga ƙarfe mai nauyi ya sa masa guduma.

Ƙa'idar aikin ta ce sai an ji ta bakin jama'a. To, aka shirya taron masu ruwa da tsaki a wani otal a Maitama. Aka kwaso dagaci da liman da fasto da shugabar mata da wasu dattawa a bas, ni ma Yaya ya sa aka tafi da ni don in yi musu tafinta in Turanci ya yi yawa. Tun daga ƙofa, da masu gadi suka shiga lalube su, na ga jikin tsofaffin nan ya yi sanyi, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta ƙarasa su. Injiniyoyi suka nuna hotuna a bango, aka tafa. Sai aka ba Yaya abin magana.

Ya ce, "Ginin nan mai kyau ne, ni na duba tsarinsa. Amma kayan a mota za a kawo su, motar kuma ta gadar rafinku za ta bi. To ranar da ta faɗa rafin, ko ta kama da wuta a kan gadar, me za ku yi?"

Ɗakin nan gaba ɗaya ya ɗauka da "Allah ya kiyaye!" Liman yana subhanallahi, fasto yana girgiza kai yana tasa addu'ar. Shugaban taro ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Haba Dokta, please, a yi mana fatan alheri mana."

Yaya ya ce, "Amin. To bayan amin ɗin fa?"

Aka ce abinci ya sauka.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Mu dai haka aka raine mu, mu da maƙwabtan da muka cuɗu da su: ba a kiran masifa da sunanta. Ka ce wa direba ya duba tayarsa kada ta fashe a hanya, sai fasinjoji su yi maka caa, wai kana da mugun baki. Baki shi ke yanka wuya, in ji mu. A zaman yau da kullum wannan tarbiyya ce, ni ma da ita nake rayuwa. Amma aikin Yaya, kamar yadda yake faɗa yana dariya, mugun fata ne aka mayar da shi sana'a: ka zauna ka ƙirƙiro rana mafi muni, ka shirya mata, sannan ka roƙi Allah kada ta zo. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne yadda al'adar ta yi wa kowa daɗi. Mutanen ƙauye sun yi shiru don ladabi, kamfani kuma ya ji daɗin shirun domin ya gajarta masa taro.

Daga nan ya daina dogara da otal. Ranar Asabar sai ya biyo ta shagona ya ɗauke ni mu shiga ƙauyen, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Yana da wata 'yar na'ura mai ƙara kamar gyare in ta ji tururin, yakan miƙa wa mutane su riƙe da hannunsu su zagaya da ita. A nan muka saba da Mama Ladi, wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai ginin tukwane, wadda ke haƙar yumɓunta a bakin wannan rafi. Ita ce ta fara tambayarsa ko abin zai iya shiga yumɓu, in ya shiga kuma ko wutar gasa tukunya za ta kashe shi. Ranar nan Yaya kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya amsa mata dalla-dalla, har da abin da ya ce shi ma sai ya bincika. Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai, wato a ce masa, "Dokta, mun yarda da kai." Sai ya ɗaure fuska ya ce shi ba yarda ya zo karɓa ba, su tambaye shi har ya rasa amsa.

Babban burinsa shi ne a yi atisaye. A sa rana, a kaɗa ƙararrawar makaranta, kowa ya san inda zai nufa gwargwadon inda iska ta dosa, a san wa zai hana yara da dabbobi zuwa rafi, wa zai ruga ya sanar da Fulanin da ke ruga a ƙetare. Tsohon dagaci, Allah ya jiƙansa shi ma, ya saurare shi tsaf, ya ce shi bai taɓa ganin an haƙa kabari ana jiran mai lafiya ba. Yaya ya ce shi kuma bai taɓa ganin an fafe gora ranar tafiya ba. Haka suka yi ta ja, cikin girmama juna, har dagaci ya sassauto ya ce a bari sai an gama girbi. Kamfani kuma ya yarda a kafa kwamiti, a ba ƙauyen kujera ɗaya su ɗora wanda suke so. Suka ɗora Yaya, shi kuwa ya ajiye aikin kamfanin don kada ya zama yana cin tuwo biyu. Bai ga wannan girbi ba.

Bayan sadakar arba'in dattawan ƙauyen suka tako har shagona. Suka sake yin gaisuwa, sannan suka ce in hau kujerar ɗan'uwana. Na ce ni fa taki na sani. Suka ce jini ɗaya ne. Wa zai kalli idon tsofaffin da suka yi tattaki suka zo masa ta'aziyya ya ce a'a? Na karɓa, kamfani ma ya yi murna, kuma sai daga baya na gane dalilin murnar.

Yau rumbun yana nan tsaye, motoci suna wucewa jifa-jifa, kuma alhamdulillahi ko ƙwarzane ba a taɓa samu ba. Ban ce akwai haɗari a ƙofa ba, ba ni da ilimin faɗin haka. Taro kuwa ya koma Maitama. Duk zama sai an gabatar da ni da "ƙanin marigayi Dokta," a tafa, a ɗauki hoto. Duk zama kuma sai na ta da maganar atisaye. Manajan wurin, wani matashi mai ladabi, ya taɓa jana gefe ya ce, "Oga Alhaji, ai even Dokta ya amince da ginin nan. In muka kaɗa ƙararrawa mutane suka fito da gudu, kafin la'asar an sa a waya cewa an yi accident." Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Sabon dagaci kuma, ɗan tsohon da ya rasu, ya gaji rawani ya gaji ra'ayi.

Yanzu ana maganar faɗaɗa rumbun, ana son kwamiti ya sa albarka. A nan nake, gaba kura baya siyaki. In na sauka, kujerar za ta faɗa hannun wanda shinkafar otal ce za ta kai shi. In na zauna, sunan Yaya nake ba su aro, ina riƙe da ƙaho wani na tatsa. In kuma na shiga ƙauye na ɗaga murya, na san abin da zai biyo baya, domin na gani. Jita-jitar mutuwar Yaya kaɗai ta sa dillalan doya suka ƙaurace wa ƙauyen har tsawon kaka guda, mata suka riƙa kai kayansu wata kasuwa suna ɓoye sunan garinsu. Shi ya sa ko a wannan rubutu na kasa ambaton sunan ƙauyen. Mutumin da ke kukan an hana jama'a magana, ga shi shi ma yana rufe rabin tasa. Wallahi abin yana damuna, kuma na gaji.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Ana ta zancen wata rana ƙasar nan za ta samu lantarki daga nukiliya, kuma na san zai yi farin ciki, don ya tsani ƙarar janareta kamar me. Zai ga kalmar "masu ruwa da tsaki" ta cika ƙyallayen taro, ta fi da yawa nesa ba kusa ba. Zai ga kowane saurayi a ƙauyen da waya a hannu, labarin ƙarya yana isa gona kafin mai shi ya isa. Ina jin zai ce wannan ma dalili ne na a zauna da mutane a gindin bishiyarsu a gaya musu gaskiya tun da wuri, domin wanda aka saba gaya wa gaskiya ba ya saurin firgita. Sannan zai juyo ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake mini tun muna yara in na sha kashi a lissafi.

In an auna abin da ya bari, ba kaɗan ba ne. Ginin da ya duba yana riƙe da abin da aka ba shi. 'Ya'yansa sun tashi da tarbiyya. Sunansa kuwa a ƙauyen nan ya fi na duk wani mai muƙami nauyi, har akwai yara masu sunansa a gidajen Musulmi da na Kirista. Sai dai wannan suna shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ya so ya bar musu al'adar tambaya, sai ya bar musu yarda, kuma yardar ce yanzu ta rufe bakin kowa.

Kwanan baya na shiga ƙauyen don in tattaro abin da suke so in faɗa a zaman faɗaɗawa. Na zagaya majalisa, na bi gidaje, babu mai tambaya ko ɗaya. A hanyar rafi na ci karo da Mama Ladi, ta ƙara tsufa, ta sauke kayanta muka gaisa. Na ce mata ita da ta fi kowa tambaya, ko tana da abin da zan kai musu.

Ta ce da irin Hausarta ta Gbagyi, "Alhaji, kai yana ciki, kai jinin Dokta ne. Mu ya huta da tambaya."

Na ce, "To Mama, in wata rana aka ce ku bar bakin rafin nan yanzu-yanzu, ta ina za ku bi?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai shagonka za mu zo, kai zai gaya mana."

Ta saɓa yumɓunta a kafaɗa ta kama hanyar gida, hankalinta kwance. Na tsaya a wurin ina kallon gadar. Yaya, mutanenka gaba ɗaya ni suke jira in nuna musu hanya, ni kuwa ban san ta ba.